Tsakanin Kwalbar Tofi da Ƙwayar Asibiti

"Wannan ba ciwon asibiti ba ne." Duk gidan da aka taɓa jinyar mai taɓin hankali an ji wannan magana, kuma galibi daga bakin masoyi take fitowa: goggon da ta zo dubiya da kwanon kunu, ko maƙwabcin da ya taya riƙe yaron daren da ya ɓalle ƙofa, ko kawun da ya san wani malami a bayan gari wanda aka ce aljani ba ya yi masa gardama. Da zarar an faɗe ta, to an zaɓar wa marar lafiya hanya ke nan. Za a fara da tofi da rubutu, a wuce wurin mai ruƙiyya, a sayo habbatus sauda da man zaitun da garin magarya a kemis ɗin Musulunci, a riƙa hayaƙi safe da yamma. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ba a rasa wata a dangi da za ta raɗa cewa a gwada 'yan bori, ko da maigida ba zai sani ba. Asibiti shi ne zangon ƙarshe, bayan an sayar da awaki, wani lokaci har da gona, ciwon kuwa ya shekara biyu ko uku yana cin mutum.

Wanda ya je Dawanau a Kano ranar ganin likita, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri, zai ga alamun wannan doguwar tafiya a jikin mutanen da ke kan benci. Ga saurayi da laya ɗaure a damtse, idonsa a ƙasa. Ga mahaifiyarsa riƙe da katin asibiti a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma gorar roba ce cike da ruwan rubutu baƙi ƙirin. In wandonsa ya ɗan ɗage, sai ka ga wani farin zobe a fatar idon sawunsa, inda mari ya daɗe yana gurza. Uwar nan ba ta jefar da gorar ba don ta zo asibiti, kuma ba za ta jefar ba. Ni ban ga dalilin da zai sa a ce ta jefar ba. Abin da ya dame ni shi ne shekarun da aka ɓata kafin katin ya shigo ɗaya hannun, da kuma ranar da wani zai ce mata ta ajiye shi.

A shekarar 2004 wasu likitoci daga Kano suka wallafa binciken da suka yi a garin Karfi, inda suka tambayi manya 250 ra'ayinsu game da taɓin hankali. Kusan kashi 34 cikin 100 suka ce shaye-shaye ne babban sanadinsa, kusan kashi 19 suka danganta shi da ƙaddara ko fushin Ubangiji, kashi 18 kuma suka ce sammu ne ko aljanu. Da aka zo kan inda za a nemi magani, kashi 46 suka zaɓi asibiti, kashi 34 suka zaɓi malamai da masu addu'a. Mutanenmu ba ƙin asibiti suke yi ɗungurungum ba. Amma so daban, samu daban. Likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Nijeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da jama'arta ta haura miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. A Nijar, mutumin Tasawa ko Mirriya da ake son ya ga ƙwararre zai iya jin an ambata masa Pavillon E na babban asibitin Yamai, tafiyar yini guda cur. Malam kuwa yana nan a zaure, ana sallah da shi sau biyar, ya san sunan uban yaron da kakansa, kuma zai karɓi abin da aka samu. Duk mai son gyara wannan lamari, in ya ƙi sa malamin nan a lissafinsa, bai fara ba.

Abin da magabata suka bari

Raba addu'a da magani, a ce sai dai ɗaya, baƙon abu ne a addini. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa babu cutar da Allah ya saukar ba tare da maganinta ba, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai da neman magani, shi ma ya yi ƙaho, ya kuma yi wa kansa tofi da ayoyin neman tsari. Labarin mutumin da aka ce ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, ɗan Islamiyya ma ya san shi. Muna amfani da wannan fahimta a kan hawan jini da ciwon suga ba tare da wata gardama ba. Ba wanda yake cewa mai suga ya bar allurar insulin don ana yi masa addu'a. Sai an zo kan ciwon da ya taɓa tunani da hali ne ake komawa baya, kamar ƙwaƙwalwa ba tsoka ba ce a jikin ɗan Adam.

Malaman farko ba su ɗauke ta haka ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi sananne, kamar rashin ɗan'uwa ko asarar dukiya, da wanda yake sauko wa mutum haka kawai ba dalili. Na farko ya ce nasiha da gyaran tunani ne maganinsa, na biyu kuwa ya danganta shi da jiki, ya ce sai an haɗa da magani. Asibitin da Ahmad ɗan Tulun ya gina a Masar wajen shekarar 872 yana karɓar masu taɓin hankali, haka babban asibitin Sarki Kalawun na Alƙahira da aka gina a 1284. Masu waƙafi ne suka ɗauki nauyinsu don neman lada. Ibnul Ƙayyim, wanda masu ruƙiyya suke yawan kafa hujja da shi, ya kasa farfaɗiya gida biyu, ya ce akwai ta aljanu akwai kuma ta jiki wadda aikin likitoci ce. A nan gida ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki da ke kansa, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basur da magungunansu.

Ba na cikin masu musun aljanu, Alƙur'ani ya ambace su. Amma yarda da samuwarsu ba ta ba kowa ikon duban mutum ya yanke cewa su ne a jikinsa ba. Abubuwan da ake kafa hujja da su a zauren ruƙiyya, irin su jin muryoyi, da magana shi kaɗai, da zargin ana binsa, da ƙin wanka, da canjin murya, da firgita in an ɗaga sauti, su ne dai alamun da likita yake gani kullum a cutar da ake kira sikizofiriniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 tana kama kusan mutum ɗaya cikin 300 a ko'ina, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Ba sai an gama muhawarar ko aljani ne ko ciwo ba kafin a kai mutum a duba shi. Karatun Alƙur'ani ba ya hana ƙwaya aiki, ƙwaya ma ba ta hana shi.

Akwai wurin da fiƙihu da likitanci suka haɗu har abin ya ba ni sha'awa, shi ne waswasi. Kowa ya san irin mutumin nan a bakin famfon masallaci. Zai wanke hannu, ya kurkure baki, ya kai gwiwar hannu, sai ya tsaya ya sake daga farko. Buta ɗaya ta ƙare, ya ɗebo wata. An tayar da sallah, an yi raka'a biyu, yana nan tsugune rigarsa ta jiƙe. In ya shiga sahu kuma sai kabbarar harama ta zama aiki, ya ɗaga hannu ya sauke, ya ɗaga ya sauke, yana jin niyyarsa ba ta ƙullu ba. Wani kuma ba a alwala abin yake kama shi ba, a zuci ne: munanan tunani game da Allah ko Annabi su riƙa faɗo masa, ya tsane su, ya yi ta istigfari yana kuka, yana ganin ya kafirta. Wani kullum yana wurin malamai yana tambaya ko kalmar da ta gilma a ransa ta saki matarsa. Littattafan Malikiyya da muke karantawa tun a zaure, Ahalari da Risala, sun yi maganar wanda shakka ta aure shi, kuma hukuncinsu shi ne ya yi watsi da shakkar, kada ya biye mata. Abin da masana halayyar ɗan Adam suke koya wa mai wannan ciwo a yau ke nan: ya yi alwala sau ɗaya, ya tashi, ya jure ƙuncin da zai taso masa ba tare da ya koma ba, har ƙuncin ya gaji ya sauka da kansa. In abin ya yi tsanani a haɗa masa da ƙwaya irin fluoxetine. A nan kalmar malami ta fi ta likita nauyi, don likita ba zai iya ce wa mutum sallarka ta yi ba. Malamin da ya ce masa, "Ɗana, alwalarka ta yi, tashi ka bi jam'i, in da laifi a wuyana," ya yi rabin aikin. Wanda kuwa ya ƙara masa wasu wuridai ɗari da zai maimaita duk lokacin da tunanin ya zo, ya ƙara wa ciwon abinci ne bai sani ba.

Inda ake yin ɓarna

Ɓarna ta farko jinkiri ce. Likitoci sun daɗe da lura cewa gwargwadon daɗewar da mai ruɗewar hankali ya yi ba magani, gwargwadon wahalar dawowarsa yadda yake. Akwai kuma lokutan da jinkirin yini biyu ma kisa ne. Mutumin da ya fara sambatu tare da zazzaɓi mai zafi ko sandarewar wuya, mai yiwuwa sanƙarau ne ko maleriyar da ta hau kai ko taifot. Mai ciwon suga da ya ruɗe farat ɗaya, mai yiwuwa sugansa ne ya faɗi. Mai jego da ta daina barci a makon farko ko na biyu, tana surutai, tana ƙin jaririnta ko tana cewa an canza mata shi, tana cikin wani ciwo da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin haihuwa 1,000. Yana warkewa sarai da magani, amma kafin nan rayuka biyu ne a kan siraɗi. A gidajenmu sau da yawa cewa ake yi ta gamu da iska a banɗaki ko wajen wankan jego, a rufe ta a ɗaki da hayaƙi. Wanda kuma ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ba wa'azin wuta yake buƙata a daren ba. A ɗauke igiya da wuƙa da maganin ƙwari daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti.

Ta biyu ita ce wadda ma'aikatan asibitocin ƙwaƙwalwa suka fi kuka da ita. An sha wahala an kawo mutum, an ɗora shi a kan magani, bayan wata biyu ya dawo hayyacinsa, yana cin abinci, yana zuwa kasuwa. Sai a yi sauka a gode wa Allah, wani kuma ya ce ai an riga an fitar da abin da ke jikinsa, ci gaba da shan ƙwaya rashin yarda ne da cewa Allah ya ba da lafiya. A ajiye magani. Wata huɗu, wata shida, sai ga shi an dawo da shi ɗaure da rawani a bayan a-daidaita-sahu. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012, wanda ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, ya nuna cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 64 cikin 100 na masu sikizofiriniya da aka cire wa magani, alhali a cikin waɗanda suka ci gaba da sha kashi 27 ne. Kowace dawowa kuma tana tafiya da wani abu: aiki, ko aure, ko karatu, ko amincewar unguwa.

Wani abu kuma yana faruwa a kwanakin farko na shan magani wanda ya kamata kowane gida ya sani. Tsofaffin magunguna masu araha irin haloperidol da chlorpromazine, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, sukan sa tsokar wasu ta ɗaure, musamman samari. Wuya ya murɗe gefe guda, idanu su kafe sama sai fari kake gani, harshe ya zaro, muƙamuƙi ya ƙi rufuwa. Uwar da ta ga ɗanta a haka ƙarfe biyun dare, me za ta ce in ba aljanin ne ya fusata da maganin Bature ba? Nan take za a watsar da ƙwayoyin a koma wurin malam. Alhali illar magani ce sananniya, allura ɗaya tana warware ta cikin mintuna, kuma akwai ƙwayar benzhexol, wadda aka fi sani da Artane, da ake bayarwa don ita. Laifin a nan na wanda ya rubuta magani ne bai ɗauki minti biyu ya yi wa dangi bayani ba. Haka maganin ciwon damuwa, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji daɗinsa. In ba a faɗa wa mutum ba, kwana biyar zai ce ba ya aiki.

Ta uku ita ce duka da ɗauri. Ruƙiyya ta bazu sosai a Kano tun tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata da yawa a makarantun sakandare suka riƙa faɗuwa suna wata irin rawa, lamarin da aka laƙaba wa suna Sumbuka. Daga nan ta zama sana'a, da allunan talla da kaset-kaset, yau kuma ga ta a TikTok, ana ɗaukar bidiyon 'yar mutane tana birgima ana yaɗawa. A cikin masu yinta akwai masu tsoron Allah da suke karatu su yi nasiha su sallami mutum. Akwai kuma masu bulala da shaƙe wuya da ɗura wa mutum hayaƙin barkono, suna cewa aljanin ne yake jin zafin, ba shi ba. Amma da safe bayan marar lafiya ne yake farfashe. Shari'a ta ce an ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe, ba a rubuta masa zunubi. Wanda Mahaliccinsa ya ɗauke wa hisabi, da wace hujja wani zai tsaya a kansa da dorina?

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da maza da yara sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa. A watan da ya biyo baya aka sake fito da wasu sama da 60 a Daura. Ba dukansu ne masu taɓin hankali ba, akwai waɗanda shaye-shaye ko ƙiriniya ta sa aka kai su, amma iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biya, don ba su san wani wurin ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a wannan shekarar cewa ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa ya game ƙasar, a wuraren Musulmi da na Kirista da na masu maganin gargajiya, har da wasu cibiyoyin gwamnati. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawa, ta kuma haramta azabtar da marar lafiya da wulaƙanta shi. Doka ta yi kyau, amma uban da ɗansa yake yawo da adda tsakar dare, asibiti kuma yana da nisan kilomita 200, turu zai nema in ba a kawo masa wata mafita kusa ba.

An gwada haɗa su, an ga abin da ya fito

Tunanin haɗa likita da malami ba sabo ba ne a Afirka. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda marasa lafiya suke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, su zo karɓar magani da rana, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da yawa, Dokta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar, ya ƙulla zumunci da shehunan da ake kai wa marasa lafiya a zawiyoyinsu, maimakon ya yaƙe su.

A 2020 Lancet ta buga sakamakon gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, a kan marasa lafiya 307 da ke kwance a wuraren masu addu'a da masu maganin gargajiya. A rabin wuraren, ma'aikacin lafiya na matakin farko yana zuwa a kai a kai, ya duba marar lafiya, ya ba da magani, su tattauna da mai wurin, shi kuma ya ci gaba da addu'arsa. Bayan wata shida, waɗanda aka haɗa musu biyun sun fi sauran samun sauƙi nesa ba kusa ba. Amma wani gwajin da Angela Ofori-Atta da abokan aikinta suka yi a wani sansanin addu'a na Kirista a Ghana, wanda aka buga a 2018, ya zo da darasi mai ɗaci. Waɗanda aka ba magani sun samu sauƙi cikin mako shida, sai dai kwanakin da suka yi a ɗaure ba su ragu ba. Mutum ya dawo hankalinsa, sarƙa tana ƙafarsa. Ƙwaya ba ta kwance mari. Sai mai riƙe da mabuɗin ya yarda a zuciyarsa cewa ɗaurin zalunci ne, wannan kuwa aikin masu wa'azi ne, limamai da fastoci, fiye da likitoci.

Su ma likitoci da nasu. Akwai wanda da ya ga laya ko gorar rubutu sai ya ɗaure fuska, ya ce ku ne kuke ɓata mana aiki da jahilci. Dangin da aka yi wa haka ba za su daina zuwa wurin malam ba, asibitin za su daina zuwa, ko su riƙa ɓoye abin da suke ba marar lafiya. Ɓoyewar kuwa tana da haɗari, don wasu jiƙe-jiƙen suna karo da magani ko su taɓa hanta da ƙoda. Likitan da ya ce, "Mama, a ci gaba da addu'a, Allah ya karɓa, amma ki nuna mini duk abin da yake sha, kuma ko ya ce ya warke kada a tsayar da wannan sai mun gana," ya samu abokiyar aiki a cikin gidan.

Addu'a kuwa tana da aikinta da ƙwaya ba za ta yi ba, kuma ban ɗauke ta a matsayin abin lallashin jahilai ba. Mumini yana roƙo ne don ya yarda akwai Mai ji, kuma waraka a hannunsa take, ko ta biyo ta hannun likita ko ta wata hanya. Bayan wannan akwai abin da ido yake gani. Mai ciwon damuwa yakan ji shi ba kowa ba ne, Allah ma ya yi fushi da shi, nauyin jikin da ya hana shi tashi sallar asuba kuma ya zama masa hujjar cewa shi munafuki ne. In aka ce masa raunin imani ne ke damunsa, an ƙara danne shi. In limamin unguwa ya zo har ɗaki ya zauna kusa da shi, ya tuna masa cewa Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idonsa ya yi fari, kuma shekarar da Manzon Allah ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib ana kiranta shekarar baƙin ciki, ya ce masa ciwo ne kuma kankarar zunubi ne, to ya sauke masa wani dutse daga ƙirji. Salloli biyar suna ba yinin wanda ya rasa aiki tsari. Sahu yana mayar da wanda aka sallamo daga asibiti cikin mutane, in an matsa masa wuri ba a dare ba. Ita ma mai jinya, wadda galibi uwa ce ko mata, da ta shekara ba ta yi barcin kirki ba, sau da yawa tsayuwar dare ce kaɗai wurin da take sauke nata kayan.

Watan azumi ne ma'aunin wannan haɗin kai. Da yawa suna ajiye magani a Ramadan, ko su haɗe na safe da na rana su sha lokaci guda. Yawancin magungunan ana iya mayar da su sahur da buɗa-baki, amma likita ne zai tsara, tun kafin a ga wata. Mai shan lithium, in ƙishirwa ta yi masa yawa a zafin bazara, maganin yakan taru a jininsa ya zama guba. Mai ciwon nan da ke sa mutum ya hau sama da zumuɗi da kashe kuɗi da rashin barci, sannan ya faɗo cikin baƙin ciki, rashin barcin goman ƙarshe kaɗai ya isa ya tayar masa da shi. Irin wannan yana buƙatar malamin da zai gaya masa cewa rangwamen da Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya ya haɗa da shi, ya yi asham ya je ya kwanta, ladan tahajjud ba zai wuce shi ba tunda uzuri ne ya hana shi. Daga bakin likita, zai ɗauka ana raba shi da ibada ne.

Saura kuɗi, wanda shi ne yake katse jinyar da yawa ko da an gamsu da komai. Ciwon na shekaru ne, maganin na kowane wata, mai ciwon kuma sau da yawa shi ne mai nema a gidan. Akwai allurar da ake yi sau ɗaya a mako biyu zuwa huɗu, irin fluphenazine, wadda take hutar da dangi daga faɗan shan ƙwaya kullum, amma ita ma sai an saya, sai an biya kuɗin mota. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato ta daɗe tana ware wani kaso don jinyar masu taɓin hankali, kuma babu abin da ya hana sauran jihohi da kwamitocin masallatan Juma'a yin haka. Masallacin da yake iya tara kuɗin tayil da na'urar sanyaya ɗaki zai iya ɗaukar nauyin allurar mutum goma a unguwarsa, ya kuma sa limami ya riƙe lambar wayar ma'aikacin lafiya mafi kusa, don ranar da aka kawo masa mai jegon da ta kwana uku ba ta runtsa ba, ya yi mata addu'a, ya sa a nemo mota.